Ɗumama Tafkin Iyo da Zafin Cikin Rufi: Tambayoyi da Amsoshi

Sararin da ke tsakanin silin da rufin gida yana tara zafi mai yawa da rana, zafin da ba a amfana da shi, sai ma ya sauko ya dami mutanen ɗaki. A gefe guda kuma, a gidan da ke da tafkin iyo, ruwan yakan yi sanyin da ba ya shiguwa a farkon lokacin zafi da ƙarshensa. Akwai na'urar da ake girkewa a cikin rufi don ta kwashi wancan zafin ta zuba shi a wannan ruwan. Dabara ce mai kyau, ina kuma goyon bayanta, amma da sharuɗɗa biyu: a yi lissafi na gaskiya kafin a saya, sannan a tsara aikin da sanin cewa ruwa ne za a ɗora a saman ɗakunan da mutane ke kwana.

Wace irin na'ura ce wannan, kuma yaya take aiki?

Na'urar musayar zafi ce tsakanin iska da ruwa. A ƙirarta ba ta da bambanci da lagireton mota, sai dai aikin ya juya. A mota, ruwa ne mai zafi, iska ke sanyaya shi. A nan iska ce mai zafi, ruwa ke karɓar zafin daga gare ta. Akwati ne da ke ɗauke da siraran bututai masu lanƙwasa, an jera musu fikafikan alminiyam don faɗaɗa wurin da iska za ta taɓa, da fanka mai jan iskar cikin rufi ta bi ta tsakaninsu.

Injin da ke zagaya ruwan tafkin shi ne yake tura ruwan sama ta bututu ɗaya, ya ratsa na'urar, ya sauko ta wani bututun ya koma tafki. Babu wuta da ake hurawa, babu gas, babu waya mai ja da ke dafa ruwa. Lantarkin da ake ƙonawa na fanka ne da na injin tura ruwa kawai. An fi sanin wannan tsari a Amurka, inda gidaje da yawa ke da rufi mai tudu da fili a cikinsa, ga kuma tafki a bayan gida.

Da gaske zafin cikin rufi ya isa ya ɗumama ruwa mai yawa haka?

Ya isa ya taimaka sosai, bai isa ya yi abin al'ajabi ba. Bari mu bi lissafin a hankali, domin a nan ne mafi yawan masu saye suke sa rai fiye da kima.

Ruwa yana da wuyar ɗumamawa. Kafin lita 1,000 ta ƙaru da digiri ɗaya a ma'aunin Selshiyos, sai ta sha kusan kilowat-awa 1.16, wato abin da mitar wuta ke ƙirgawa da yunit. Ɗauki tafki mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita ɗaya da rabi. Ruwansa lita 48,000 ne. Digiri ɗaya tak a wannan tafkin yana buƙatar kusan kilowat-awa 56.

Iska kuwa ba ta da nauyi, don haka zafin da take ɗauka kaɗan ne. Mita ɗaya ta kowace fuska ta iska mai zafi nauyinta bai wuce kilo 1.1 ba. Idan fanka tana tura wannan adadin a kowace daƙiƙa, na'urar kuma ta rage wa iskar digiri 10, abin da ruwa ke samu kusan kilowat 11 ne. A yi haka awa shida a rana mai kyau, an tara kilowat-awa 66. A tafkinmu na misali, digiri ɗaya da 'yan kai ke nan a yini guda.

Kada wannan ya sare maka gwiwa. Ɗumin yana taruwa kwana bayan kwana muddin ba a bar shi ya tsere da dare ba, kuma tazarar da ke tsakanin ruwan da ake gudu da wanda ake jin daɗinsa sau da yawa digiri uku ne ko huɗu. Yawancin mutane suna sakewa a ruwan da ke tsakanin digiri 26 da 28. Abin da na'urar ke yi shi ne ta tsawaita lokacin iyo, a fara da wuri, a daina a makare. Ba za ta mai da tsakiyar hunturu lokacin wanka ba.

Wani abin lura: da zarar fanka ta fara aiki, iskar cikin rufin tana hucewa. Zafin da ka auna kafin a kunna ba shi ne zai zauna ba. Abin da zai ci gaba da shigowa shi ne abin da rana ke zubawa a kan rufin, rufin kuma ya miƙa ciki. Da tsakar rana mai haske, kowace murabba'in mita da ke fuskantar rana tana samun kusan wat 1,000, amma kaso kaɗan ne daga ciki ke ratsa rufi ya shiga iska. Sauran yana komawa sama ko iskar waje ta kwashe.

Na sa hannu a bakin bututun da ruwa ke dawowa, ban ji zafi ba. Ta lalace ne?

Mai yiwuwa lafiyarta ƙalau. Idan lita 100 na wucewa a minti ɗaya, na'urar kuma tana ba da kilowat 10, ruwan zai fito da ƙarin digiri ɗaya da rabi ne kawai, abin da hannu ba ya rabewa sosai. Wasu sukan rage gudun ruwan don su ji ya fito da zafi. Kuskure ne. Ruwa mai gudu a hankali yana fitowa da ɗumi, amma jimillar zafin da ya kwaso ta ragu, domin gwargwadon sanyin bututu, gwargwadon zafin da yake ja daga iska. A sa ma'aunin zafi biyu, ɗaya a bututun hawa, ɗaya a na sauka, a riƙa duba bambancinsu.

Wane irin rufi ne ya dace?

Rufi mai duhun launi, mai faɗi, wanda rana ke duka yawancin yini ba tare da inuwar bishiya ko dogon gini ba. A irin wannan, iskar ciki takan kai digiri 50 zuwa 60 a ranar zafi. Ana kuma son sararin ciki ya zama a buɗe yake, iska na iya zagayawa daga wannan ɓangare zuwa wancan.

Inda aikin ba ya biya: rufin da aka shafa wa farin fenti mai mayar da hasken rana, wanda aka manna wa takardar alminiyam mai ƙyalli ta ciki, da wanda aka fesa wa kumfar tare zafi a jikin rufin kansa. Duk waɗannan an yi su ne don hana zafi shiga, kuma suna aikinsu. Haka gidan da aka zuba wa kankare a sama ba shi da sararin da za a yi maganarsa. Amma abin tare zafi da aka shimfiɗa a kan silin ba ya hana komai, sai ma ya taimaka, tunda yana tsare zafin a sama.

Shawarata: kafin ka kashe ko sisi, rataya ma'aunin zafi mai ajiye bayani a ƙololuwar cikin rufin na 'yan makonni, a daidai watannin da kake son ɗumi. Ba zafin tsakiyar bazara ne abin dubawa ba, lokacin ruwan ma da ɗuminsa. Abin dubawa shi ne awa nawa a rana iskar rufin ke fin ruwan tafki zafi da tazara mai kauri a lokacin da ake buƙata.

Idan ta yi yoyo fa? Ba silin ɗina zai rufto ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ba na son a amsa ta da "ai ba za ta yi ba". Duk abin da ke ɗauke da ruwa shekara da shekaru, yana zafi yana hucewa kullum, wata rana zai iya ɗiga. A tsara aikin bisa wannan.

Duba girman abin. Bututu mai faɗin milimita 50 yana riƙe kusan lita biyu a kowace mita, wannan kaɗan ne. Haɗarin yana ga injin da ke ƙasa. Idan mahaɗa ta ɓalle yana kan tura lita 100 a minti, cikin awa ɗaya ya zuba lita 6,000 a saman silin, nauyin tan shida. Kuma ba zai tsaya da kansa ba, tunda tafki cike yake da ruwan da zai ci gaba da ja.

Kariyar hawa-hawa ce. Da farko, babban farantin tarar ruwa a ƙarƙashin na'urar, wanda ya fi ta faɗi ta kowane gefe, ya kuma rufe ƙarƙashin mahaɗan bututun shiga da fita, domin a mahaɗa ake fi samun yoyo. Farantin ya kasance da bututun zubarwa mai gangara zuwa waje, bakinsa a wurin da ido ke gani, kamar saman taga ko kusa da ƙofa, yadda duk wanda ya ga ruwa na zuba zai san akwai magana. Sannan makunni mai jin ruwa a cikin farantin, wanda da ruwa ya taru zai juya bawul ya hana ruwa hawa, ko ya kashe injin gaba ɗaya. Faranti kaɗai yana maganin ɗiga ne. Fashewa sai makunni.

Bayan haka, a rage yawan mahaɗa a cikin rufi iyakar iyawa. Bututu ya hau ta jikin bangon waje, ya shiga rufin a kusa da na'urar, ba ya ratsa saman ɗakuna uku ba. Idan akwai zaɓi, a ɗora ta a saman gareji ko baranda maimakon saman ɗakin kwana ko inda allon wutar gida yake. A ƙarshe, kafin a saki ruwan tafki, a toshe layin a gwada shi da matsin ruwa na wasu awanni, ana duba ko allurar ma'auni ta sauka. Da ruwa ake wannan gwajin. Bututun roba da aka cika da matsattsiyar iska yana iya tarwatsewa ya ji wa mutum rauni.

Yana da kyau kuma mai inshorar gida ya sanar da kamfaninsa kafin aiki, a kuma duba ko dokar gini ta yankin tana neman izini.

A wane wuri a cikin rufin ake kafa ta?

Sama-sama, kusa da ƙololuwa, domin can iska mafi zafi take taruwa. A bar fili a gabanta da bayanta. Babbar matsalar da ake samu ita ce iskar da ta fito a huce ta juyo nan take ta sake shiga fankar, sai na'urar ta riƙa juya iska ɗaya alhali zafin yana can wani lungu. Maganinsa shi ne a fuskantar da mafitar zuwa doguwar kusurwar rufin, ko a ja bututun iska da zai kai ta nesa.

Nauyin na'urar da ruwan cikinta ya hau kan katakan da ke ɗauke da rufi, a shimfiɗa dandamali da ya haɗa da yawa daga cikinsu. Allon silin ba ya ɗaukar kaya. Kada a yanke ko a huda katakon rufi don a samu hanya sai da amincewar injiniya. A sa robobi a ƙarƙashin ƙafafunta don girgizar fanka kada ta bi katako ta zama gurnani a ɗaki. A auna ƙofar shiga rufin tun kafin a sayo, a kuma bar hanyar da mutum zai iya isa gare ta da kayan aiki, tunda za a dawo dubawa.

Injin tura ruwan da nake da shi zai iya kai ruwa can sama?

Sau da yawa yana iyawa a gida mai hawa ɗaya. Kowace mita 10 ta tsayi tana cin "bar" ɗaya a ma'aunin matsin ruwa, don haka rufin da ke mita 6 sama da tafki zai ƙara wa injin kusan kashi shida cikin goma na "bar", ban da gogayyar ruwa a cikin bututu da lanƙwasoshi. A duba takardar injin, akwai zanen da ke nuna yawan ruwan da yake bayarwa a kowane tsayi.

Masu injin da ake rage wa gudu su kula. A ƙaramin gudu, wanda ake so don tsimin wuta, ruwan ba zai kai sama ba sam. Sai a saita shi ya ƙara gudu duk lokacin da bawul ɗin rufi ya buɗe, a kuma sa wannan ƙarin wutar cikin lissafin riba. Idan injin ya gaza, ana ƙara ƙarami na taimako a layin hawa.

Ta ina ake yanka layin tafki a haɗa?

Bayan matatar ruwa, kafin na'urar zuba magani. Jerin shi ne: tafki, inji, matata, bawul mai hanya uku, na'urar rufi, sai wani abin ɗumama ruwa idan akwai, sai na'urar kulorin, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar ruwa, a ƙarshe. Dalilin na farko shi ne kada datti ya toshe siraran bututai. Dalilin na biyu shi ne kada kulorin mai kauri ya ratsa ƙarfe. A sa bawul mai hana komawa baya tsakanin na'urar kulorin da sauran kayan, domin idan inji ya tsaya, ruwa mai magani yakan sulale baya.

Ana kuma sa irin wannan bawul bayan matata, don ruwan da ke saukowa daga sama kada ya bi ta baya ya kwaso dattin matatar ya mayar tafki. A layin sama ana sa ɗan bawul mai shigar da iska, wanda ke barin ruwa ya sauko idan an kashe, ba tare da bututu ya tsuke ba. Shi ma wannan yakan ɗiga, don haka ko dai a waje, ko a saman faranti.

Wane bututu ya kamata a saya?

Bututun PVC da aka saba aikin tafki da shi iyakarsa digiri 60, kuma tun kafin ya kai nan ƙarfinsa na riƙe matsi yake raguwa sosai. Muddin ruwa na gudu a ciki, a sanyaye yake. Matsalar tana zuwa ne ranar da aka kashe, ya zauna a cikin rufi mai zafi. Don haka ɓangaren da ke cikin rufi ya fi kyau a yi shi da CPVC, wani nau'in PVC mai jure har kusan digiri 93, da gam ɗin da aka yi dominsa. A ɗaure shi kusa-kusa don kada ya lotsa, amma a bar masa ɗan sararin motsi, tunda roba tana miƙewa da zafi ta kuma tsuke da sanyi. Wanda ke waje a shafa masa fenti saboda rana.

Maganin ruwa ko gishiri ba zai cinye ƙarfen ba?

Zai ci idan an yi sakaci. Jan ƙarfe yana miƙa zafi da kyau, amma ruwa mai tsami yana cin sa. A riƙe ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, tsakanin 7.2 da 7.8, kulorin kuma tsakanin kashi 1 zuwa 3 cikin miliyan. Idan pH ya daɗe a ƙasa, bututun yana sirancewa daga ciki, alamarsa kuma tabo mai launin shuɗi-kore a jikin tafki. Idan ya yi sama da yawa a ruwa mai yawan alli, sai ɓawo ya kama cikin bututu ya hana zafi wucewa.

Tafkin gishiri, wanda yawanci ke ɗauke da gishiri kusan kashi 3,000 cikin miliyan, yana son ƙarfe mai juriya: gaurayen jan ƙarfe da nikel, ko titaniyam. A tambayi mai ƙerawa a rubuce ko garantinsa ya haɗa da ruwan gishiri. Kada kuma a riƙa jefa ƙwayoyin kulorin a kwandon da ke jan ruwa zuwa inji, domin maganin zai bi layi da kaurinsa ya isa ƙarfen kai tsaye.

Akwai hanyar da ta fi tsada amma ta fi kwanciyar hankali: a yi rufaffen layi na daban da ke zagaya tsakanin rufi da wata ƙaramar na'urar musayar zafi a ƙasa, ruwan tafki bai hau sama ko kaɗan ba. Ana asarar ɗan zafi a musayar ta biyu, ana ƙara inji, amma ko an yi yoyo, abin da ke cikin layin ne kawai zai zube, ba tafki guda ba. Ga gidan bene mai ɗakuna a ƙarƙashin ko'ina, ni wannan nake fifitawa.

Da hannu ake kunnawa da kashewa?

Ana iya yi, amma ba ya ɗorewa. Akwatin sarrafawa ne ke wannan aiki, da ma'aunan zafi biyu, ɗaya a ƙololuwar rufi, ɗaya a bututun ruwan tafki. Idan rufi ya fi ruwa zafi da tazarar da aka saita, ruwan kuma bai kai ɗumin da ake so ba, sai ya juya bawul ya kunna fanka. Idan tazarar ta ragu, ya rufe. In babu shi, ranar da aka manta ta a kunne har dare, na'urar za ta juya aiki ta riƙa kwashe ɗumin tafki tana bai wa iska. A nisanta ma'aunin rufin daga mafitar iskar da ta huce, in ba haka ba zai yi ta kunnawa yana kashewa.

Na ga ruwa a farantin amma ban ga inda ya fashe ba.

Raɓa ce mai yiwuwa. Idan iska mai laima ta taɓa bututu mai sanyi, tururin da ke cikinta yakan koma ruwa ya ɗiga. A wuri mai laima abin yana da yawa, musamman a farkon lokaci da ruwan tafki ke da sanyi. Hanyar rabewa mai sauƙi ce: tsoma takardar gwajin kulorin a ruwan farantin. In ta nuna magani, daga tafki yake. Bututun hawa ma yana yin raɓa, don haka a naɗe shi da soson tare zafi a duk tsawonsa na cikin rufi.

In toshe kafofin iskar rufin don zafi ya ƙaru?

A'a. An bar kafofin ne don laima ta fita. In aka toshe su, katako ya riƙa jiƙa, ya yi funfuna, ya ruɓe. Abin da za a iya yi shi ne, idan akwai fanka mai lantarki da ke fitar da iskar rufi waje, a haɗa ta yadda za ta tsaya lokacin da na'urar ke aiki, ta dawo idan an gama.

Idan akwai tukunyar ɗumama ruwa ko na'urar ɗumama gida mai aiki da gas a cikin rufin, sai ƙwararre ya duba. Fanka mai ƙarfi kusa da su tana iya dagula fitar hayaƙi, hayaƙin gas kuma yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa.

A ƙasashen da ruwa ke daskarewa fa?

A zubar da ruwan layin tas kafin sanyi ya shigo. Ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya zama ƙanƙara, ya tsaga bututu, ba kuma za a gani ba sai ranar da aka sake kunnawa. Cikin rufi yana yin sanyi kusan kamar waje da dare. A shimfiɗa bututu da gangara tun farko don ya tsiyaye da kansa, a buɗe mahaɗan na'urar, a busa ragowar ruwan da ke maƙale a lanƙwasoshi, sannan a kulle bawul ɗin hawa yadda ba mai buɗe shi da kuskure.

Shin za ta sanyaya gidan ma?

Tana rage zafin da ke saukowa ta silin a lokacin da take aiki, kuma idan bututun iskar na'urar sanyaya ɗaki sun bi ta cikin rufi, su ma suna samun sauƙi. Sai dai a tsakiyar zafi, lokacin da gida ya fi buƙatar sanyi, tafki ya riga ya ɗumama, na'urar kuma a kashe take. A ɗauke shi ƙari, kada a gina lissafi a kansa.

Zan iya girka ta da kaina?

Wanda ya iya aikin bututu zai iya jan layi da kafa dandamali. Wutar kuwa a bar wa mai lasisi. Ruwa ɗaya ne ya haɗa na'urar da tafkin da mutane ke ciki, saboda haka dole a haɗa jikinta da wayar ƙasa, a kuma sa na'urar da ke yanke wuta da zarar ta zurare, wadda ake kira RCD a Turai, GFCI a Amurka.

Shi kansa aikin cikin rufi yana da haɗari. A hau da sassafe, a sauko kafin rana ta take, a sha ruwa, a kuma bar wani a ƙasa da ya san kana sama. Jiri, ciwon kai ko tashin zuciya alama ce ta a sauko nan take. A taka katako kawai, a shimfiɗa allon takawa. Audugar gilas da ake tare zafi da ita tana son takunkumi, safar hannu da riga mai dogon hannu. A tsofaffin gidajen Amurka, idan aka ga abin tare zafi mai kama da tsakuwa mara nauyi mai ƙyalli, kada a taɓa shi: yawancin irinsa daga mahaƙar Libby ta jihar Montana ya fito, wadda aka rufe a 1990, kuma yana iya ƙunsar asbestos, ma'adinin da ƙurarsa ke cutar da huhu.

Me ya bambanta ta da sauran hanyoyin ɗumama tafki?

Baƙaƙen faifan roba da ake shimfiɗawa a kan rufi suna karɓar rana kai tsaye, don haka sukan fi ba da zafi a faɗi ɗaya, kuma in sun yi yoyo a waje ne. Aibinsu shi ne ana ganinsu, ana huda rufi a ɗaure su, iska mai ƙarfi da rana suna cin su. Na'urar cikin rufi a ɓoye take, ba ruwanta da guguwa, ta kuma dace da unguwannin da aka hana ɗora abu a kan rufi. Na'urar lantarki mai zuƙo zafi daga iskar waje tana aiki ko babu rana, tana ba da ninki huɗu zuwa shida na wutar da ta ci idan yanayi da ɗumi. Gas ya fi kowa sauri, ya fi kowa cin kuɗin aiki. Ana iya haɗa na'urar rufi da ɗaya daga cikinsu, ita ta fara, ɗayar ta cike giɓi.

Akwai abin da ya kamata in fara yi kafin duk wannan?

Mayafin tafki, wanda ke hana ruwa tashi ya zama tururi. Kowace lita ɗaya da ta tashi ta zama tururi tana tafiya da kusan kashi biyu cikin uku na kilowat-awa, akasarinsa daga jikin ruwan da ya rage. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na zafin da tafkin waje ke asara ta wannan hanya yake tafiya. Koma ga tafkinmu mai faɗin murabba'in mita 32. Idan ruwansa ya sauka da milimita 3 kacal a yini, lita 96 ke nan, kusan kilowat-awa 65, daidai da duk abin da na'urar ta tara a awa shida. Wanda ya girka na'ura ya bar tafki a buɗe da dare zai ce ba ta aiki, alhali tana yi. Sai dai mayafi mai yawo a kan ruwa ba katanga ba ne. Yaro na iya faɗawa ƙarƙashinsa ba a gani ba, don haka shinge da kulle suna nan daram, kuma a yaye shi gaba ɗaya kafin kowa ya shiga.

Wace kulawa take buƙata bayan an gama?

A farkon kowane lokacin iyo a hau a duba. A goge ƙurar da ta toshe fikafikai da buroshi mai laushi, a saurari ƙarar fanka, a shafa hannu a kowace mahaɗa. A zuba ruwa a farantin da gangan, a ga ya fita waje, a kuma ga makunnin ya tsayar da inji. Ƙwari sukan gina gida a bakin bututun zubarwa, don haka a sa masa raga.

Kada a bar ruwa ya kwanta a layin sama kwanaki. Kulorin yana gushewa da sauri a ruwa mai ɗumi, ƙwayoyin cuta irin su Lejiyonela kuma suna yaɗuwa tsakanin digiri 25 da 45. Ko dai layin ya riƙa tsiyayewa duk lokacin da aka kashe, ko a saita akwatin sarrafawa ya zagaya ruwa ta sama na 'yan mintoci kowace rana. Idan an daɗe ba a kunna ba, a bar ruwan farko ya wuce babu kowa a kusa da bakin da yake fitowa, domin wanda ya zauna a rufi mai digiri 60 yana iya ƙona fatar yaro.